Ga masu shirin tafiya: ku faɗa wa likita daga Togo kuka zo

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na Kodjoviakopé, sannunku da haƙuri. Maganarmu ta yau ta shafi iyalan da takardunsu suka fito, za su bar Lome zuwa wata ƙasa.

A nan, da jikin yaro ya yi zafi, zazzaɓin cizon sauro ake fara dubawa. Amma akwai ƙasashen da suka rabu da wannan ciwo: Amurka tun 1951, Maroko a 2010, Aljeriya a 2019, Masar a 2024. Kanada da Faransa ma ba a ɗaukarsa a can. Likita na iya yin shekaru bai ga mai shi ba, sai ya ɗauka mura ce.

Ga haɗarin: sauro na iya cizon mutum a darensa na ƙarshe a Lome, ya hau jirgi lafiya lau, ƙwayar cutar tana ɓoye a hantarsa. Yawanci zazzaɓin kan fito bayan kwana 7 zuwa 30, wani irin kuma sai bayan watanni. Irin da ya fi yawa a Togo yana iya kashe yaro cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka muna roƙonku abu uku.

Na ɗaya, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin shekarar farko, a kai shi asibiti a ranar. Ku ce: “Daga Togo muka zo, a gwada jini.” Da Faransanci sunan ciwon paludisme, da Turanci malaria. Ku nemi tafinta. In gwajin farko bai nuna ba, zazzaɓin kuma bai sauka ba, ku koma a sake.

Na biyu, in an ba ku Coartem, sau biyu a rana ake sha har kwana 3, da madara ko abinci mai maiƙo. A shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi. Farasitamol sauke zafi kawai yake yi, ba ya kashe cutar.

Na uku, in kun ga jijjiga, amai ba tsayawa, fitsari baƙi, ko yaro ya kasa farkawa, kada ku jira gari ya waye. Wannan sai allura a asibiti. Mata masu ciki da ƙananan yara su ne abin ya fi kayarwa.

Kafin tafiya, a ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Mai tambaya ya same mu bayan taro.

Allah Ya kai ku lafiya.