Makiyabeli: Mashawarcin Da Ba A Saurara Ba

A ƙasashen Turai, idan aka ce ɗan siyasa halin Makiyabeli gare shi, to, an zage shi ke nan, watau makiri ne, ba ya riƙon alkawari. Yau za mu duba ko mai sunan ya cancanci wannan shaida.

An haifi Nikolo Makiyabeli a birnin Fulorans na ƙasar Italiya cikin shekarar 1469. A zamanin nan Italiya ba ƙasa ɗaya ba ce, birane ne masu gaba da juna, ga Faransa da Sifen suna kawo musu yaƙi. A 1498 aka naɗa shi sakatare a gwamnatin jamhuriyar birninsu. Shekara 14 yana wannan aiki, ana aikensa fadar Sarkin Faransa da ta Paparoma, yana lura da yadda ake samun mulki da yadda yake kuɓucewa.

A 1512 jamhuriyar ta faɗi, gidan sarautar Medici suka komo, aka sallame shi. Da shekara ta kewayo aka tuhume shi da ƙulla makirci, aka ɗaure hannuwansa ta baya, aka rataye shi da igiya don ya amsa laifi. Bai amsa ba. Da aka sake shi sai ya koma gonarsa a bayan gari, inda ya rubuta littafinsa Il Principe, watau Sarki, yana fatan a mayar da shi bakin aiki.

Kafin shi, masu yi wa sarakuna nasiha kan zayyana musu halayen da suka kamata. Shi kuwa sai ya bayyana abin da masu mulki ke aikatawa a zahiri. A ganinsa, sarki na bukatar ƙarfin zaki da wayon dila, kuma idan ƙauna da tsoro ba za su haɗu ba, gara a ji tsoronsa. Amma ya yi kashedi cewa sarkin da ya taɓa dukiyar talakawa ko matansu ya jawo ƙiyayya, ƙiyayya kuwa ita ce ajalin mulki. A wani littafin nasa, kan tarihin Rum, ya nuna jama'a sun fi sarki guda dacewa da gaskiya.

To, me dabarun suka tsinana masa? Bai sake samun muƙaminsa ba. Da aka kori Medici a 1527, sabuwar jamhuriya ma ta ƙi shi, ya mutu cikin shekarar. Sai a 1532 aka buga littafin, a 1559 kuma Cocin Katolika ta haramta karanta shi.

Har yau masana na gardama: azzalumai ya koya wa zalunci, ko asirinsu ya tona wa talakawa? Wanda ya san inda aka kafa tarko dai, da wuya ya faɗa ciki.