Tsohon Karofinmu: A Cike Ko A Bari?

Jawabin kwamitin ƙungiya a taron bayan Babbar Salla

Maigari, ranka ya daɗe. Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Dattawa, iyayenmu mata, da 'yan'uwa da suka zo daga Damagaram, da Yamai, da Kano, da waɗanda takardar nan za ta iske a Agadas ko Legas, muna gaishe ku baki ɗaya.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta tsohon karofin da ke gabas da gari. Waɗansu sun ce a cike ramukan a yanka filaye, tun da awaki suna faɗawa ciki, ana kuma tsoron kada wata rana yaro ne. Ba su yi ƙarya ba. Amma kafin a zuba ƙasa, kwamiti ya ga ya kamata mu san abin da za mu binne.

Dattawa sun san aikin fiye da mu. A haƙa rami, a shafe shi da laso, a cika da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a yi ta motsawa da muciya har kwanaki. Marini ya dubi kumfa, ya shinshina, ya ce ya yi. A tsoma farin zane, ya fito kore-kore, kafin a gama matse shi ya koma shuɗi. Muna yara mun ɗauka akwai asiri a ciki. To, masu binciken sinadari sun bi sawun abin. Ganyen baba ba shi da shuni ko kaɗan. Abin da ke cikinsa wani sinadari ne marar launi, ana ce da shi indikan. Sai ganye ya dagargaje, ya jiƙa, ya sha iska, sa'an nan shuni ya bayyana. Shi kuwa shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga zare. Nan aikin rami yake. Toka tana ba ruwa kaifi irin na kanwa. A cikin wannan ruwa akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau bakteriya, su ne ke cin ruɓaɓɓen ganye, su shanye iskar da ke cikin ruwan, su juya shuni ya zama mai narkewa. A haka yake ratsa auduga. Da an ɗaga zane ya sha iska, sai ya koma yadda yake, ya maƙale a ciki, ba hanyar fita. Shi ya sa ake tsomawa ana ɗagawa sau da yawa kafin a sami baƙi mai kyau, shi ya sa kuma rami ke nawa da hunturu, don halittun nan ɗumi suke so. Ashe marini makiyayi ne, dabbobinsa ne ba a gani.

Wani Bajamushe mai suna Adolf von Baeyer shi ya gano ginin shuni a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Kafin yaƙin 1914 cinikin baban Indiya ya faɗi warwas. Wajen 1998 masana a Jami'ar Reading ta Ingila suka ware wata irin bakteriya da ke wannan aiki a tukunyar rini. A 2018 kuma waɗansu a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka sa bakteriya ta yi musu indikan don rina wandon jins, saboda magungunan da masana'antu ke narka shuni da su suna ɓata ruwa. Watau abin da muke shirin binnewa, irinsa ake kashe kuɗi ana nema a can.

Kada kuma mu ɗauka sana'ar ƙarama ce a da. Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga cinikin rinannun tufafi a Kano a 1851, ya rubuta cewa suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna a bincikensa na 1975 cewa laso ne ya ba marina damar barin tukwane su koma manyan ramuka, aiki ya yi yawa ya yi araha. Turkuɗin Kura kuwa ta ƙasar Damagaram yake bi zuwa wurin Buzaye. Mu da ke tsakanin Magarya da Dungas a bakin hanya muke, ba 'yan kallo ba ne. Yadda abin ya mutu kun sani: gyaɗa ta cinye gonaki, balle bayan kafa SONARA a 1962, atamfa ta cika kasuwa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ita ma ta rufe a 2002. Yau yadin Sin ne da gwanjo.

Akwai wata magana da ta fi ta ramuka gaggawa, iyayenmu mata ku saurara. Rinin galura da ake yi a gidaje, da soda mai ƙuna da farin garin nan mai wari da ake kira haidiro, ba irin na karofi ba ne. Soda tana cin fata, tana makantarwa, ruwanta kuma fari ne tas, yaro sai ya ɗauka na sha ne, ya ƙone maƙogwaro. A sa safar hannu ta roba, a yi aikin a fili, a riƙa zuba soda cikin ruwa kaɗan kaɗan, kada a zuba ruwa a kan soda. Ragowar kuma kada a zubar kusa da rijiya. A ƙasar Korama ruwa ba shi da nisa, abin da aka zubar yau shi za a ɗebo gobe.

Ba mu ce karofi zai hana samari tafiya ci-rani ba. Abin da galura ke yi a wuni, rami sai ya yi kwanaki. Amma marinar Ƙofar Mata a Kano tana aiki har yau, rawani mai sheƙi kuma bai rasa mai saye ba. Mu kuwa tsofaffi biyu kaɗai suka rage da suka taɓa haɗa rami da hannunsu, ɗaya ma idonsa ya yi rauni.

Ga shawarar kwamiti. A cike ramukan da suka rushe, a bar uku masu lafiya, a yi musu murfi da shinge. A ba tsofaffin nan abin goro kowane wata su koya wa duk yaron da ya so, a ɗauki maganarsu da waya, a kuma rubuta. A shuka baba a iyakokin gonaki bana. Dangin wake ne da gawo, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Magatakarda zai rubuta wa Jami'ar André Salifou ta Damagaram da INRAN, ko za su auna mana yawan shunin da ke cikin babanmu. Muna roƙon kowane ɗan ƙungiya da ke waje jika biyu, a ba ma'aji kafin ruwan shuka. Masu son a cike duka za su yi tasu maganar yanzu, bayan la'asar kuma a ɗaga hannu.