Injin Walda da Kayan da Waya Ke Iya Ɗauka



Mun gode da aka ba mu wannan dama, mu da ke koyon aikin lantarki, domin mu yi ɗan bayani a kan abin da kowa ke gani kullum a bakin hanya, watau injin walda. Babu mai musun amfanin mai walda a cikinmu. Gadajen ƙarfen da muke kwana a kai, da tagogin ɗakin karatu, da kurar mai sayar da ruwa, duk daga hannunsa suka fito. Amma da wuya a sami wani inji a cikin unguwa da ke ɗora wa wayar lantarki kaya irin nasa, kuma a kan wannan kayan ne za mu yi magana.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne wani abu da ya faru a kan idonmu. A dogon hutun da ya wuce, mu uku muka je koyon aiki wajen wani mai walda. Shagonsa yana jere da na wani tela, kuma waya ɗaya ce ta ratsa silin ɗinsu. Kullum aka kama aiki sosai sai fis ya ƙone. Da abin ya ishi babban yaron shagon, sai ya yanko waya mai kauri ya ɗaura a gurbin fis ɗin, aiki ya ci gaba, kowa ya yaba masa. Muna tsaye muna kallo, mun kuma san kuskure ne, amma kunya ta hana mu magana a gaban manya. A rana ta uku da la'asar aka fara jin ƙaurin roba, kafin a farga hayaƙi ya turnuƙe shagon telan. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ɗinkin mutane da keken da bawan Allah yake ci da iyalinsa da shi duk sun tafi. Da jama'a suka taru sai aka ce ai wuta ce aka kawo da ƙarfi. Mu kuwa mun san ba haka ba ne. Shirun da muka yi ran nan shi ne muke son mu rama yau.

To, jama'a, lissafin abin ba shi da wuya. Mu ɗauki waya kamar bututun ruwa. Ƙarfin da ke tunkuɗa wutar ana auna shi da bolt, yawan wutar da ke gudana kuma ana auna shi da amfiya. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat, watau ma'aunin aikin da wutar ke yi. Wutar da ke shiga gidaje da shaguna a Nijeriya bolt 230 ce. Fulogi mai ƙafa uku da muka saba da shi, iyakar fis ɗin da ake sa masa amfiya 13 ne. Ke nan duk abin da soket ɗin bango zai iya bayarwa lafiya bai wuce wat 3,000 ba.

Yanzu mu duba injin walda. Aikinsa shi ne ya rage bolt ya ƙara amfiya, domin yawan amfiya ne ke narka ƙarfe. Sandar walda mai kaurin milimita 3.2, wadda ake yawan aiki da ita wajen ƙofofi, tana bukatar wajen amfiya 125, kuma a bakin tartsatsin akan sami bolt 25. Idan muka ninka su za mu sami wat 3,125. Ashe tun ba a je ko'ina ba an riga an haura iyakar soket. Sa'an nan tsohon inji mai naɗin waya, irin wanda ya cika shagunanmu, yana ɓarar da wani kaso na wutar ya zama zafi a jikinsa. Wani kason kuma kai da kawo kawai yake yi a cikin waya domin raya maganaɗisun injin, ba ya narka ƙarfe, amma yana ɗumama wayar da ya bi. Idan aka haɗa waɗannan duka, ba wuya injin ya ja amfiya 25 ko fiye daga bango, watau kusan ninki biyu na abin da aka yi soket dominsa.

Wani zai ce, to, mene ne a cikin ninki biyu? A nan ne haɗarin ya ɓuya. Tun a shekarun 1840 wani masani na Ingila mai suna James Joule ya gano cewa zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wutar. Idan wuta ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa, idan ta ninka sau uku, zafi ya zama sau tara. Jan ƙarfen da ke cikin waya yana jure zafi, amma robar da aka lulluɓe shi da ita ba a yi ta don ta wuce zafin digiri 70 tana aiki ba. Da ta daɗe tana shan fiye da haka sai ta bushe ta tsage, ko ta narke, wayoyi biyu su haɗu a cikin silin inda babu mai gani.

Saboda haka ne aka yi fis. Da gangan aka sa shi ya fi ko'ina rauni a kan layin, domin ya tsinke kafin waya ta yi zafin da zai ta da gobara. Bureka ma aikinsa ke nan, sai dai shi faɗuwa yake yi a sake ɗaga shi. Duk lokacin da fis ya ƙone, faɗa mana yake yi cewa kaya sun yi wa waya yawa. Wanda ya ɗaura waya mai kauri ko ƙusa a gurbinsa bai rage kayan ba ko kaɗan, ya dai mai da wayar ginin gaba ɗaya ta zama fis. Haka nan wanda ya cire ƙaramin bureka ya sa babba alhali wayar tana nan siririyarta. Da kaurin waya ake zaɓen bureka, ba da son ran mai inji ba.

Illa ta biyu kan maƙwabta take faɗawa. Dukkanmu mun san yadda fitilu ke dusashewa da zarar mai walda ya ɗosa sanda. Dalili shi ne, babbar wutar da injin ya fizga tana sa bolt ya ragu a kan duk layin da ya fito daga taransifoma. Fitila ba ta cutuwa sosai da wannan, amma injin firji da na famfon ruwa suna wahala, domin idan bolt ya yi ƙasa sukan ƙara jan wuta, su yi zafi, wani lokaci su ƙone. Layi uku ne ke fitowa daga taransifoma, kuma idan masu walda biyu ko uku suka taru a kan guda ɗaya, wannan layin zai galabaita alhali sauran biyun suna hutawa.

Illa ta uku ita ce wadda ba a gyara ta, watau rai. Fis bai san mutum ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba tana iya rikita bugun zuciya, fis kuwa ko motsi ba zai yi ba. Kafin a fara walda, bakin mariƙin sanda yana ɗauke da bolt 50 zuwa 80, kuma wannan ya isa ya yi ɓarna ga mai jiƙe da gumi, ko wanda ke tsaye a kan danshi da silifa, ko wanda ke canza sanda da hannu ba safa. Injunan da ake naɗawa a gida muna yaba basirar masu yin su, amma da yawansu ba su da murfi, wayoyin shiga masu bolt 230 suna nan tsirara inda almajirin shago ke wucewa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, ga kuma abin da muke ba da shawara.

Na farko, a ba injin walda layinsa shi kaɗai tun daga allon rarraba wuta, kada ya yi tarayya da fitila ko firji ko keken ɗinki. Ga matsakaicin inji akan ja waya mai kaurin murabba'in milimita 6, da bureka mai amfiya 32 na irin da ke jure fizgar farko, da soket na masana'antu. Amma allon da ke jikin injin shi ne alƙali, a karanta yawan amfiyar da aka rubuta zai ja, a kuma ba ƙwararren mai aikin lantarki aikin. Ko ƙananan injunan zamani da ake ratayawa a kafaɗa, duk da sun fi tsimin wuta, da yawansu suna haura amfiya 13 idan aka ƙure su.

Na biyu, a kula da wayar da ake saye. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta, kuma akwai waya a kasuwa da aka shafa wa launin jan ƙarfe alhali cikinta alminiyam ne. Araha ba ta ado. Doguwar wayar jan wuta kuma a warware ta duka kafin a fara aiki, domin naɗaɗɗiya ba ta samun iskar da za ta huce.

Na uku, a haɗa jikin injin da wayar ƙasa mai kyau, a kuma sa na'urar da ke gane yoyon wuta, wadda ke yanke layi idan yoyon ya kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya. Ita ce ke kare mutum, fis kuwa waya yake karewa.

Na huɗu, wayar da ke mai da wuta daga ƙarfen aiki zuwa inji a maƙala ta kusa da inda ake walda. Kada a dogara da tarkacen rodi da aka jera a ƙasa, ko bututun ruwa. Wuta mai amfiya 125 idan ba ta sami hanyarta ba za ta nemi wata, kuma takan bi siririyar wayar ƙasa ta ginin ta ƙona ta.

Na biyar, a bar inji ya huta. Idan aka rubuta kashi 60 a jikinsa, ma'ana a cikin kowane minti 10 ya yi aikin minti 6 ya huta 4 a wannan ƙarfin. In kuwa wuta ta tashi, a fara kashe babban makunni, a zuba yashi, kada a watsa ruwa. Wanda wuta ta kama kada a taɓa shi da hannu, a kashe layin ko a ture shi da busasshen itace.

'Yan'uwa ɗalibai, masu walda sun fi mu sanin ƙarfe nesa ba kusa ba, mu kuma an koya mana ɗan lissafin nan da dukiyar jama'a. Da yawanmu 'ya'yan masu sana'a ne, da kuɗin shago aka biya mana makaranta. Idan muka koma gida hutu, mu je shagon da ke kusa da mu, mu gaisa cikin ladabi, mu roƙi a nuna mana allon wuta, mu duba abin da ke gurbin fis. In mun ga waya ko ƙusa, mu yi magana a ranar, kada mu bari sai ta uku.

Allah ya kiyaye mu da gobara, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu.