Motar Da Ke Faɗin Ciwonta, Da Bakaniken Da Zai Saurare Ta



Waɗanda suka manyanta daga cikinmu ba za su manta da zamanin Fijo 504 ba, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin shekarar 1975, ta kuma zama motar Hakimi da ta Sakatare da ta direban haya baki ɗaya. Bakaniken wancan zamani da kunne yake aiki. In an kawo masa mota sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sukuddireba a jikin inji, ya kara kunnensa a ƙota, ya yi shiru. Sa'an nan ya zare fulogi ya dubi launinsa, ya zagaya baya ya sansana hayaƙin salansa, ya ce kafireto ce, ko kuwa ya ce wuta ce ba ta zuwa daidai. Bai yi makaranta ba, amma fa ilmi ne da shi, kuma sau da yawa yakan dace.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu kuwa wata tafiya ce da na yi zuwa Kafin Dafga, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, a lokacin hunturu. Motar haya na shiga, wata Corolla ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka, na zauna kusa da direba. Muna cikin tafiya sai na lura da wani guntun baƙin salatif manne a kan gilashin dashbod, gefensa yana ɗan fitar da haske ruwan ɗorawa. Na ce, "Malam direba, me aka rufe a nan?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, cek-injin ce. Ta dame ni, na rufe mata baki." Ya kai motar birni an sa mata kwamfuta, an ce sensar hayaƙi ce, ya saya an sa, wutar ta dawo bayan kwana biyu. Ya sake komawa, aka ce sensar jabu ce, ya sake saye. Ribar mako biyu ta tafi a haka, ga mota tana ta shan mai, ga wuta ba ta mutu ba. Zan dawo ga wannan direba, amma bari mu fara ganin ko mene ne abin da ya rufe wa baki.

Asalin wannan 'yar wuta ba don amfanin direba aka ƙirƙiro ta ba, kuma wanda bai gane haka ba zai yi ta jin haushinta a banza. Don hayaƙi aka yi ta. Birnin Los Anjalis na Jihar Kalifoniya ya yi fama da hazon hayaƙin motoci, har jihar ta kafa hukuma ta musamman don kula da tsabtar iska a shekarar 1967. A 1975, watau shekarar da muke murnar fitowar Fijo daga Kaduna, yawancin sababbin motocin Amurka suka fara fitowa da wani tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda kanikawanmu a yau suke yi wa laƙabi da Indomie saboda kamannin abin da ke cikinta. To, ita wannan tukunya ba ta aiki sosai sai an auna iska da fetur daidai wa daida, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Kafireto ba ta iya riƙe wannan awo. Saboda haka aka sa 'yar na'ura a cikin bututun hayaƙi, wadda muke ce wa sensa, tana sansano ragowar iskar oksijin, aka kuma sa ƙwaƙwalwar lantarki, watau birenbos a bakin 'yan gareji, tana karɓar rahoto tana ƙara mai ko ta rage sau da dama cikin daƙiƙa guda.

Da abin ya zama haka, sai hukuma ta ga cewa sensa ɗaya in ta lalace, mota za ta ci gaba da tafiya lafiya lau tana zubar da guba, mai ita bai sani ba. Daga nan ne aka wajabta wa mota ta riƙa binciken kanta, ta kunna wuta in ta ga aibi, ta kuma adana bayaninsa. Wannan shi ne tsarin da ake kira OBD a taƙaice. Da fari kowane kamfani da irin nasa soket da irin nasa harshe, kamar yadda General Motors ya fito da nasa a 1980. Sai a shekarar 1996 aka tilasta wa dukkan ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tsari iri ɗaya, OBD-II, mai soket guda mai ramuka 16, wanda galibi yake ƙarƙashin sitiyari. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu, motocin fetur a 2001, na gas a 2004. Wannan bambancin shekaru yana da amfani a saninsa, domin tsohuwar Golf 3 da ta cika tashoshinmu ta riga dokar Turai, saboda haka ba kowace na'urar karatu ce take jin harshenta ba.

Mun shigo cikin wannan labari ne ta ƙofar baya. Wani rahoto na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufo. Motocin sun iso, da ƙwaƙwalwarsu da dokokin da aka rubuta a cikinta don hanyoyin Kalifoniya da man Jamus. Littattafan gyaransu ba su biyo su ba, balle malaman da za su karantar.

Yanzu ga jigon maganata. In an jona na'ura a wannan soket, abin da mota take bayarwa harafi ne guda da lambobi huɗu. Harafin P yana nufin inji da giya, B yana nufin jikin mota, C ƙafafu da birki da sitiyari, U kuwa sadarwa tsakanin ƙwaƙwale. In lambar farko sifiri ce, ma'anar ɗaya ce a kowace irin mota. In 1 ce, ta kamfanin ce shi kaɗai. Alal misali, P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake ƙuna. P0420 na nufin tukunyar tace hayaƙi ba ta cika aikinta. P0171 kuwa, wadda ita ce ta motar direbanmu, na nufin iska ta yi wa mai yawa, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai har ta kai iyakar abin da aka yarje mata, abin bai daidaita ba.

Ku lura da kyau, jama'a, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta ce a canja wani abu. Lambar shaida ce take bayarwa, ba hukunci take yankewa ba. Tamkar majinyaci ne ya ce wa likita kansa na ciwo: ciwon kai gaskiya ne, amma yana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko hawan jini, ko yunwa kawai. P0301 tana iya zama fulogi, ko kwil, ko nozul da ta toshe, ko bawul da ya ƙone. P0171 tana iya zama famfon mai da ya yi rauni, ko matatar mai da ta cushe, ko ƙura a kan sensar da ke auna iska, ko tiyo da ya tsage. Sensar hayaƙi a nan ɗan aike ce kawai, ita ta kawo labari. Wanda ya canja ta don ta kawo mugun labari ya yi daidai da sarkin da ya ɗaure manzo ya bar maharan a bakin ƙofa.

Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne halin da motar ta samu kanta a ƙasarmu. Ga ƙurar hunturu, ga hanyoyin burji da na ƙasa irin waɗanda ke ratsa ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, waɗanda ke cusa matatar iska da wuri, su kuma sassauta wayoyi da jijjiga. Ga mai. Turai ta taƙaita farar wuta a cikin mai zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, alhali sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da kashi 50, kuma farar wuta tana dakushe tukunyar tace hayaƙi. Kuna kuma tune da watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi, aka yi ta layi a gidajen mai. Ba na ma maganar man galan na bakin hanya, wanda a ƙauye sau da yawa shi ne kaɗai ke akwai.

Sa'an nan ga abin da muke yi wa motar da hannunmu. Al'ada ce a garejinmu a cire tamostat, a haɗa fanka ta riƙa juyawa kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Wannan dabara ta samo asali tun zamanin kafireto. A motar yau kuwa inji sai ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai, ta kunna wuta da lamba P0128. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ɓarna ta daina zama ƙaramar magana ga mai neman abinci da mota. Haka nan ana fasa tukunyar hayaƙi a kwashe cikinta, saboda tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam; wani da sanin mai mota, wani kuwa sata ce tsagwaronta. Motar da aka yi wa haka za ta kunna wuta har abada, kuma gaskiya take faɗi.

Haɗarin salatif a nan yake. Wutar guda ɗaya ce, amma ƙararrakin da take kawowa ɗaruruwa ne. In tana kunne tsaye, akwai aibi, ana iya lallaɓawa zuwa gareji. In tana ƙyaftawa, inji ne yake tsallake ƙuna sosai, ɗanyen mai yana gangarawa cikin salansa yana ƙona tukunya, sai a sassauta a tsaya. Wanda ya rufe ta saboda ƙaramin abu ya rufe ta ga babban ma. Ga masu shirin sayen mota kuma, ga shawara ta kyauta: ku murɗa makulli ba tare da kun tayar da inji ba. Dole ne wutar ta kama tare da 'yan'uwanta, ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba, an cire ƙwan ne ko an toshe shi. In kuma an goge lambobin jiya-jiya don a ruɗe ku, ƙwaƙwalwar tana nuna wa mai na'ura cewa ba ta kammala gwaje-gwajenta ba tukuna.

Kada kuma in bar ku da zaton cewa ƙwaƙwalwar mota waliyyiya ce. Mutane ne suka rubuta abin da ke cikinta. A watan Satumba na 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na gas, kimanin miliyan 11 a duniya, wata dabara da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, in an fita titi ta saki. Har ila yau, abin da doka ta buɗe wa kowa shi ne ɓangaren da ya shafi hayaƙi. Lambobin birki da jakar iska galibi sai da na'urar da ta san harshen kamfanin. A kan irin wannan ne masu zaɓe a Jihar Masacusets ta Amurka suka kaɗa ƙuri'a a 2012, suka amince cewa dole a ba ƙananan gareji bayanan gyara kamar yadda ake ba dilolin kamfani.

Mu tamu matsalar ba ta kai can ba tukuna. Na'urar karatu ta yi araha. Akwai 'yar ƙarama irin ta ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu, kuɗinta bai kai na cika tanki ɗaya ba. Abin da ya rabu gida biyu shi ne ilmin. Yaro mai waya ya iya karanta Turancin da ke kan allo, bai taɓa kwance inji ba. Dattijon da ya shekara talatin a ƙarƙashin mota ya san inji kamar tafin hannunsa, allon ne ya gagare shi. Mai mota yana tsakani, yana kai kuɗi Ƙofar Ruwa yana sayen kayan da ba su lalace ba. A ganina aikin da ke gaban jami'a ba mai wuya ba ne. Lambobin da suka fi yawan fitowa ba su da yawa. Sashen koyar da aikin injiniya da na harsunan Nijeriya suna iya zama tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA su fassara su da Hausa, da boko da ajami, kowace lamba da jerin abubuwan da za a gwada kafin a sayi kome, a fara da mafi araha. Ku kuma ma'aikata masu sa hannu a takardun gyaran motocin hukuma, ku nemi a rubuta lambar da aka gani, da gwajin da aka yi, a kuma dawo da tsohon kayan da aka cire. Za ku yi mamakin yadda takardun za su rame.

Direban Kafin Dafga kuwa, da muka isa Ƙaraye na roƙe shi muka tsaya wurin wani dattijon bakanike da ya sani. Na gaya wa dattijon abin da lambar take nufi da Hausa: mota ta ce iska ta yi mata yawa, ba ta san ta inda take shiga ba. Ya ce, "Haka ta ce? To, yaro, tayar." Ya sunkuya ya kasa kunne, ya bi babban tiyon iska da yatsa, ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga a cikin ninkin roba, tana bayan sensar awo, inda iska take shiga ba a ƙidaya ta ba. Ya naɗe wurin, kafin a samo sabon tiyo daga Kano, da ragowar salatif ɗin da ke cikin aljihun motar. Bayan 'yan kwanaki direban ya aiko mini cewa wutar ta mutu da kanta.