Ƙyallin Takarda a Gwajin Gaggawa: Abin Lura ga Masu Bincike a Jos

A Janairun 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, daga garin Lassa zuwa asibitin mishan na Jos. Ta rasu ba a san ciwonta ba. Sai da aka kai jini har Jami'ar Yale a Amurka kafin a gano cewa sabuwar cuta ce, zazzaɓin Lassa, kuma a 1970 ta kashe likitar asibitin, Jeanette Troup. Don haka mutanen Jos ba sa bukatar a faɗa musu amfanin gwajin da ke ba da amsa nan take.

Irinsa ne ake yi wa mai zazzaɓi a kemis a Kwararafa. A soki yatsa, a ɗiga jini a 'yar roba, cikin minti 15 zuwa 20 layi ya fito. A cikin robar akwai siririn ƙyallen naitiroselulos, jan layin kuwa ƙwayoyin zinare ne ƙanana. Idan cutar ba ta yi yawa a jini ba, layin yakan dushe har ido ya kasa ganinsa. Shi ya sa aka ƙera wasu gwaje-gwajen da sinadari mai ƙyalli: na'ura ta haska shi, ya mayar da haske, ta auna.

Matsalar ita ce takardar gwajin ma tana ƙyalli.

Duk wanda ya ga ma'aikacin banki yana duba kuɗi da shuɗiyar fitila ya san haka. Jabun da aka buga a takardar ofis kan haska shuɗi fes, domin masana'antu na zuba mata sinadarin ƙara fari, mai shan hasken UV na wajen nanomita 350 ya mayar da shuɗi na wajen 440. Ko ba a zuba komai ba, ragowar sinadarin itace da ke cikin takarda yana ƙyalli, haka ma gam da robar da ke riƙe da ƙyallen, har da ruwan jinin kansa. Na'ura kuwa haske kawai take ƙirgawa, ba ruwanta da inda ya fito. Ƙaramar alamar cuta sai ta nutse, a sallami mara lafiya. Ko ƙyallin ya wuce iyaka, a ba lafiyayye magani. Da cuta irin Lassa, kuskuren farko na iya kwantar da gida guda.

Akwai mafita. Ƙyallin takarda ya fi ƙarfi a ɓangaren shuɗi da kore, sai a zaɓi sinadari mai fitar da ja. Dabarar da ta fi burgewa ita ce ta sinadarin yuropiyam, mai haske a wajen nanomita 615. Ƙyallin takarda na mutuwa cikin ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, shi kuwa yuropiyam yana daɗewa sau dubbai fiye da haka. Na'ura ta haska, ta ɗan dakata, sannan ta auna.

Tun 2007, da rukunin George Whitesides na Harvard ya nuna yadda ake zana hanyoyin ruwa a kan takarda, ƙera gwaji mai araha ya zo kusa da hannun ɗalibai. Jos na da wuraren yin wannan aiki: Jami'ar Jos, asibitin koyarwarta da ke Lamingo, da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924. Abin tsoron shi ne rashin kuɗi ya tura ɗalibi ga takardar da ya samu a kanti.

Roƙon da ake yi wa masu bincike mai sauƙi ne. Kowane sabon ƙunshin takarda, ko da ta auduga zalla ce irin Whatman, a auna ta babu komai a kanta, busasshiya da jiƙaƙƙiya, da irin hasken da za a yi aiki da shi. A rufe ta daga ƙurar hunturu da zaren tufafi, a kuma rubuta adadin da aka samu a rahoton bincike kusa da sakamakon jinin.