Jawabi Ga Matasanmu Masu Niyyar Shiga Sana'ar Ɗaukar Hoto

 



Shugabanni ne suka nemi mu, mu da muke harkar kayan lantarki a kasuwa, mu ɗan yi bayani a kan sayen kyamara, saboda yaran da suka nemi ƙungiya ta tallafa masu da jari domin su fara sana'ar hoto. Mu dai ba masu hoto ba ne, 'yan kasuwa ne, amma kayan ta hannunmu suke bi, kuma wanda ya saya ya yi nadama wurinmu yake dawowa. Abin farin ciki ne a ce yaranmu ne za su riƙa ɗaukar hoton ɗaurin aure da suna da saukar karatu da naɗin sarauta a nan ƙasar Yarbawa, domin ɗan gida ya san inda ake shiga da inda ba a shiga.

To, magana ta farko, kuma ita ce babba: kyamara irin ta sana'a abu biyu ce, akwai gangar jiki, akwai gilashin da ake ɗaurawa a gaba, wato idon kyamara. Yawancin yaranmu sai su ƙarar da kuɗinsu duka a kan jiki, su karɓi duk gilashin da aka haɗa masu da shi. Mun ga haka da idonmu. Wani yaro da muka taimaka wa ya sayo jiki mai tsada da wani dogon gilashi, domin mutane su gan shi da ƙatuwar kyamara a wuya. Aka kira shi walima a cikin ɗaki bayan magariba, ga wuta an ɗauke. Da ya kai hotuna, rabi sun yi duhu, rabi sun yi dishi-dishi, masu biki suka hana shi cikon kuɗinsa, kuma ba a sake kiransa a layin ba. Kyamarar ba ta da laifi, gilashin ne ba na wannan aiki ba.

Ku dubi jikin kowane gilashi, za ku ga lambobi iri biyu. Na farko mai "mm", shi ke nuna faɗin abin da gilashin ke ɗauka: ƙaramar lamba kamar 18 tana ɗaukar taron jama'a, babba kamar 200 tana jawo abin da ke nesa. Na biyu mai "f", shi ke nuna yawan hasken da ke shiga, kuma a nan ne ake rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce mai yawan haske. Gilashin da aka saba haɗawa da kyamara shi ne 18-55mm, wanda in ka jawo shi zuwa 55 yake komawa f/5.6. Shi kuwa 50mm f/1.8 hasken da yake shigarwa ya kai kusan ninki goma na wancan. Kun ga a ɗakunanmu da masallatanmu da babu isasshen haske, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Har ila yau shi ke sa fuskar ango ta fito tar, bayan hoton ya yi laushi, irin hoton da mutane suke biyan kuɗi a kansa ba gardama. Kuma wallahi yana cikin mafi araha a gilasan kowane kamfani.

Amma fa akwai sharaɗi. Ƙananan kyamarorin da mai farawa zai iya saye, faifan da haske ke sauka a kansa ƙarami ne, saboda haka 50mm a kan Canon yakan yi aiki kamar 80mm, a kan Nikon kamar 75mm. A ƙaramin ɗaki sai ka ja da baya har ka jingina da bango, mutum uku ba su shiga ba. Don haka kada ku yar da 18-55 ɗin, shi ne na hoton dangi da na taro. Mai Nikon kuma ya nemi 35mm f/1.8 wanda ya fito a 2009, shi ya fi dacewa da cikin gida. Dogon gilashi ku bar shi sai an fara samun aikin hawan sallah ko filin ƙwallo.

Abu na biyu, sayen kyamara kamar ƙulla surukuta ne, gida ka shiga ba mutum ɗaya ba. Kowane kamfani da irin bakin da yake ɗaura gilashinsa. Na Nikon mai suna F tun 1959 yake, na Canon mai suna EF tun 1987. Na wannan ba ya hawa kan wancan kai tsaye. A 2018 duka kamfanonin biyu suka fito da sabon baki, RF da Z, na kyamarori marasa madubi, hanyar da Sony ta riga su bi, kuma yanzu can hankalinsu ya koma. Wannan ya yi wa talaka rana, domin masu hoto a Turai da Amurka suna ta sayar da tsofaffin kayansu, su ne tokumbon da ke cika Ikeja da Alaba. Kuma wanda ya tara gilasan EF bai yi asara ba, gobe in ya samu hali ya sayi sabon jiki, da adafta za su hau.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwar kyamara ta fi ƙarfin mai farawa, ba za mu ɓoye maku ba. Tokumbo irin Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3500 ta 2018 ta ishe ku fara cin abinci. Kada maganar megafiksel ta ruɗe ku. Ta farkon 18 gare ta, ta biyun 24, alhali hoton da ake wankewa a sa a albam, inci 4 da 6, bai buƙatar ko 3. Sai dai mai Nikon D3500 da 'yan'uwanta ya kula, ba su da injin saita gilashi a jikinsu, sai gilashi mai rubutun AF-S ko AF-P ne zai saita kansa. In aka sayar maka da tsohon AF-D, da hannu za ka yi ta murɗawa har amarya ta wuce.

In kun je saye, kada ku yi gaggawa, kuma kada ku je ku kaɗai. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, kuma yana da iyakar kwana, a ƙananan nan kusan sau 100,000. Ku nemi a nuna maku adadin da ta yi. Na Nikon a cikin bayanan hoton yake, na Canon sai an haɗa da kwamfuta. Sannan ku ɗauki hoton farin bango a f/16, duk wani tabo da ke kan faifan zai fito. Gilashi kuwa ku cire shi, ku haska tocilan waya ta ciki. In kun ga wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ku ajiye masa abinsa ko nawa ya rage. Wannan ita ce cutar gilashi a nan kudu saboda danshi, kamar yadda ƙurar hunturu take a gida arewa. Wanda ya saya mai lafiya, kada ya bar shi cikin jaka a ƙarƙashin gado da damina. Ya samu roba mai murfi, ya zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi da na magani.

Daga cikin jarin kuma a ware na batir na biyu, da memori biyu na asali, domin jabu sun yi yawa, da filasha wadda kanta ke juyawa, a harba haskenta sama ya dawo daga silin, ba a fuskar mutane ba. Mu baƙaƙen fata ne masu son farar shadda, kuma kyamara takan ruɗe, ko riga ta ƙone ko fuska ta yi duhu. Ku koyi ɗauka a tsarin RAW domin a iya gyarawa daga baya.

Sai maganar da iyayenmu mata suka ce lalle mu faɗa. Hoton da ke cikin memorinka amana ce ta masu biki. Ba a sa hoton matar aure ko 'yar mutane a WhatsApp ko Instagram da sunan tallar aiki sai da izinin gidan. Da ma a samu 'yan matanmu biyu ko uku su koyi sana'ar, su riƙa shiga wajen kamu da lalle, kuma muna roƙon shugabanni su duba wannan wajen rabon tallafin.

Duk wanda sunansa ya fito, kafin ya biya ko sisi ya zo rumfa bayan la'asar, za mu haɗa shi da wanda zai raka shi kasuwa.