Ga Matasanmu: Abin da Aka Yi a Kampala

 Yau maganarmu da ku ce, matasan ikilisiya.

A shekarar 1987, a Kampala ta ƙasar Uganda, ƙanjamau ta kashe mijin wata mata mai suna Noerine Kaleeba. Ta ga yadda aka guje shi yana jinya, har a asibiti. Ba ta ɓuya ba. Ita da waɗansu mutum 15 suka kafa ƙungiyar TASO, suna ziyartar marasa lafiya, suna ƙarfafa iyalansu. Magani kuwa babu a lokacin.

Yau akwai magani, mun gode wa Allah. Mai shansa kullum yana iya yin tsawon rai, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya marasa ƙwayar cutar. Amma gudun nan da aka yi wa mijin Noerine bai ƙare ba. Wataƙila a zumuntarku akwai yarinyar da aka haifa da ƙwayar, tana tsallake shan magani a makarantar kwana don kada a gani a yi mata dariya. In ta daina sha, cutar za ta taso mata.

A Markus sura 1, Yesu ya taɓa kuturu da hannunsa. Gaisawa ba ta sa ƙanjamau, cin tuwo a kwano ɗaya ma haka, cizon sauro ma haka. In abokinku ya gaya muku sirrinsa, ku riƙe, ku raka shi karɓo magani. Ku ma ku je gwaji.

Bari mu yi addu'a.